Sai da izinin 'yan sanda ake zanga-zangar lumana?

Ɗan Tudun Jukun: Salamu alaikum. Wata uku ke nan famfonmu ko ɗigo babu, kullum kuɗinmu na ƙarewa wurin 'yan garuwa. Matasan layinmu mun shirya fita da kwalaye cikin lumana, sai wani dattijo ya ce in ba takardar izini kama mu za a yi. Gaskiya ne?

Ɗalibar Kongo: Wa alaikumus salam. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta raba wannan gardama tun 2007, a shari'ar Sufeto Janar na 'yan sanda da jam'iyyar ANPP. Asalin rigimar, an tarwatsa taron jam'iyyar a Kano da barkonon tsohuwa a 2003. Alƙalai suka ce tilasta neman izini ya saɓa wa sashe na 39 da na 40 na tsarin mulki, waɗanda suka ba da 'yancin faɗar albarkacin baki da na yin taro. Duk lokacin da na karanta hukuncin nan sai na ji zuciyata ta yi sanyi.

Baban Sabon Gari: 'Yata, kin faɗi daidai, amma sashe na 45 ya bai wa gwamnati damar taƙaitawa saboda zaman lafiya. Ɗana, ku sanar da 'yan sanda a rubuce, kada ku tare titi.

Ɗan Tudun Jukun: Na gode, Baba. Gobe bayan Azahar za mu kai takardar.