Wace kalma za mu ba "group" a harbin bindiga mai cin harsashi ɗaya?

Mai fassara: Assalamu alaikum. Ina fassara wani shirin rediyo da zai fita ranar Juma'a, kan mafarautan barewa na Amurka masu riƙe bindiga mai cin harsashi ɗaya, irin su Ruger No. 1 da Handi-Rifle, da yadda suke gano abin da ya sa ta fara kuskure. Kalmar da ta tsaya mini ita ce "group", wato hujin nan uku ko biyar da harsasai ke bari a takarda idan aka auna wuri ɗaya daga nisan yadi 100. Bindigar da hujinta suka taru a wurin da bai wuce faɗin inci ɗaya ba ita suke yabo. Na rubuta "saiti", amma zuciyata ba ta kwanta ba.

Malamar makaranta: Wa alaikumus salam. "Daidaiton harbi" ai ya wadatar, kuma kowa zai gane.

Mai gyaran bindiga: Malama, ki gafarce ni, cuta biyu ce kike ba suna ɗaya. Idan hujin suka haɗu wuri guda amma gefe da inda aka auna, bindiga lafiyarta lau, madubin hangen nesa kawai za a murɗa, kuma wannan shi ne matsalar saiti. Idan kuwa suka warwatsu, sai a fara duba notinan da ke riƙe madubin, domin su ne suka fi yawan kwancewa. Daga nan a duba bakin bututu ko ya sami tabo, da dauɗar jan ƙarfe da harsashi ke gogawa a ciki. In hujin sun jeru sama da ƙasa kamar matakan tsani, yawanci bututun ne ya ɗau zafi katakon gaba ya danne shi, kuma an san Ruger No. 1 da wannan hali. Ita kuma bindigar da ake karyawa a zura harsashi, irin Handi-Rifle, mai da ya taɓa makullinta ko rufe ta da ƙarfi daban-daban ya isa ya watsa harbin. Ni dai "taron harbi" nake gani, a ce matsattse ko warwatsattse.

Dattijon marubuci: Kafin a je ga taro, wa ya halatta mana "saiti"? Turanci ne aka sa wa hula. Kakanninmu da suka yi farauta da baka da adaka "bara" suke cewa, maharbi ya yi barar gada. Na daɗe ina ba da shawarar "haɗin-bara" ga wannan ma'ana, amma matasanmu sun fi son abin aro.

Malamar makaranta: Baba, ranka ya daɗe, a rubuce "bara" tana iya zama roƙo, ko bawan gida, ko shekarar da ta wuce. Sa'an nan ita kanta "bindiga" daga Larabci ta zo, haka "harsashi" da "albarushi", ba mu kuwa ji an kore su ba.

Dattijon marubuci: 'Yata, a rediyo za a faɗa, kunne kuwa yana bambance su. Aron da ya kwana ɗaruruwan shekaru a cikin harshe daban ne da na jiya.

Wani daga Damagaram: Ina tare da Baba a abu ɗaya. Kada a ɗauka duk abin da ake faɗa a Kano shi ne Hausa. Mu da Faransanci muka yi boko, kuma "auna" ta fi zama mana a baki.

Mai gyaran bindiga: Jama'a, ana maganar huji an koma kan wa ya fi wani iya Hausa. Baba, "haɗin-bara" tana ɗora laifin kan maharbi, alhali gwajin na bindiga ne, shi ya sa ake ɗora ta kan buhun yashi, a jira bututu ya huce tsakanin harbi da harbi, a kuma ja kunama a hankali.

Mai fassara: Na gode ƙwarai. Zan yi amfani da "taron harbi", in bayyana shi a karon farko, in sa "auna" ga aikin maharbi. "Saiti" zan bar ta a wurin gyaran madubi kaɗai, don ban sami madadinta ba.

Dattijon marubuci: "Taron harbi" sai ka ce gangamin 'yan farauta. Ku je da ita tunda lokaci ya ƙure, amma ni ban sa hannu a kan "saiti" ba.