Kalmomin Turanci da ke kayar da yaranmu a BECE

Hajiya Rabi: Salamu alaikum malamai. Waɗanne kalmomin Turanci ya kamata a fi matsa wa 'yan JHS 3 (ajin ƙarshe na ƙaramar sakandare) a kansu kafin BECE, jarrabawarsu ta kammalawa a nan Ghana?

Malam Tanko: Wa alaikumus salam Hajiya. A fara da borrow da lend. Mu a Hausa kayan muke dubawa: aro na abin da za a mayar da shi kansa ne, kamar tsani ko tukunya, rance kuwa na kuɗi ko hatsi da za a biya kwatankwacinsa. Bature ba ruwansa da wannan, shi wanda ya miƙa da wanda ya karɓa yake dubawa. Mai bayarwa lend, mai karɓa borrow. To "ara mini biro" lend me your pen ne. Borrow me ɗin da ake ji a kasuwar Kejetia ta Kumasi, mai maki jan biro zai ja masa. Kuma borrow da from yake tafiya: I borrowed 50 cedis from my aunt. Idan abin ya wuce, lent ake cewa, babu lended.

Malama Zainab: Gaskiya ne Malam. Ni "ji" ya fi damuna, don kalma ɗaya ce tamu ta rabu gida-gida. Hear na kunne ne. Wari ko ƙamshi smell, sanyi feel cold, yunwa I am hungry, "ba na jin Turanci" kuma I don't understand English. Haka "sha": ruwa da koko drink, magani take, taba smoke, lemun ɓarewa eat.

Alhaji Isiyaka: Ku ƙara da baƙo. Wanda ka shimfiɗa wa tabarma guest ne ko visitor. Stranger mutumin da ba ka sani ba sam, kada yaro ya kira kawunsa da ya zo daga Tamale haka.

Hajiya Rabi: Alhaji, I am coming fa? Nan Kumasi kowa na faɗa yana ficewa.

Alhaji Isiyaka: "Ina zuwa" ɗinmu ce ma'anarta, Hajiya. A unguwa ta wadatar, amma a takarda I will be back soon za a rubuta.

Malama Zainab: A ware littafi guda, a raba kowane shafi gida 3: kalmar, ma'anarta da Hausa, sai jimlar da yaro ya ƙirƙira da kansa. Kalma 5 a rana ta isa, ranar Asabar a bi 25 ɗin da baki. Wajen sayen ƙamus a buɗe lend a gani. In babu jimlar misali a ƙarƙashinta, a ajiye shi a ɗauki wani.