Taswira ta ce unguwarmu rawaya ce, amma katangata tana darewa

Mai Gidan Gangare:
Assalamu alaikum. Gidana a tsakiyar gangare yake, shekara shida ina ciki lafiya lau. Bara maƙwabcina na ƙasa ya kawo katafila ta yanke gindin tudun don ya faɗaɗa filinsa. Bana da ruwa ya kankama sai tsaga ta fito a katangar baya, yanzu ɗan yatsana yana shiga. Ƙofar kicin kuma sai an ɗaga ta take rufuwa. Na je ofishin tsara gari, aka nuna mini taswirar zaftarewar ƙasa, unguwarmu rawaya ce, wai matsakaicin haɗari. In kwantar da hankalina ke nan?

Injiniyan Ƙasa:
Wa alaikumus salam. Malam, kada ka kwantar. Irin wannan taswira tambaya ɗaya take amsawa: ina ne ƙasa za ta iya zaftarewa. Ana haɗa ta ne daga miƙewar gangare, irin dutsen da ke ƙarƙashi, hanyar da ruwa ke bi, da wuraren da suka taɓa zaftarewa. Ba ta san yaushe ba, ba ta kuma san katafilar maƙwabcinka ba idan kafin bara aka zana ta. Duba ma'auninta ma: in 1:25,000 ne, milimita ɗaya a takarda mita 25 ce a ƙasa, wato gidanka kaf ɗigon biro ne.

Gindin tudu shi ke tokare da samansa. An cire tokarin, ruwa ya cika ƙasar ta yi nauyi ta saki. Yau ɗin nan ka shafa ɗan siminti a kan tsagar, ka rubuta kwanan wata. In ya sake tsagewa, ƙasar tana tafiya. Ka duba turakun lantarki da bishiyoyi ko sun karkata, sannan ka kira injiniya ya taka wurin da ƙafarsa.

Uwar Biyu:
Ni maƙwabcin nan nake ji wa tsoro. A Freetown, babban birnin Saliyo, ranar 14 ga Agusta 2017, da sassafe ɓangaren dutsen Sugar Loaf ya rufto kan unguwar Regent bayan kwanaki ana ruwa. Lakar ba ta tsaya nan ba, ta bi kwari ta cinye gidajen da ke nesa da dutsen. Fiye da mutum 1,000 suka mutu ko suka ɓace. Ka je ka nuna masa tsagar, ɗan'uwa, ba da faɗa ba.

Tsohon Safiyo:
Injiniya, ka bar abu ɗaya: ruwan cikin gida. Sokawe mai tsiyaya da famfon da ya fashe a ƙasa suna jiƙa tudu rani da damina. Kuma tudun da mutum ya taɓa ya fi ba ni tsoro. A Hong Kong, 18 ga Yuni 1972, cikon ƙasa ne ya rufta a Sau Mau Ping ya kashe mutum 71. Daga 1977 hukumomin can suka kafa ofishi na musamman mai kula da gangare, har gangaren da aka yanka ko aka cike suke yi wa rajista da lamba.

Mai Gidan Gangare:
Allah ya saka da alheri. Baba Safiyo, ka canka: ƙasan sokawen jagab yake, kwana huɗu ba a yi ruwa ba. Na shafa simintin ɗazu. Yaran kuma na mayar da su ɗakin gaba kafin injiniyan ya zo ranar Asabar.