Waɗanda na'urar NIN ta ƙi karanta yatsunsu, ku zo mu ji

Ɗan Tudun Wada:
Assalamu alaikum. Tun watan Afrilun 2022 da aka hana layukan waya da ba a haɗa da lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN ba yin kira, da wayata Baba yake neman 'yan uwa. Sai makon jiya ya yarda na kai shi rajista. Hoton fuska ya yi, amma yatsu goma ake so: huɗu na dama, huɗu na hagu, sannan manyan biyu. Na'ura ta ce sam. Riƙon fartanya ya shafe zanen. Wa ya taɓa shiga irin wannan, kuma yaya ya fita?

Birkila daga Rigasa:
Wa alaikumus salam. Ɗan uwa, ciwonmu ɗaya. Siminti ya cinye min fatar yatsu har sun yi sumul kamar kwalba. Sau uku ina komawa. Daga ƙarshe na ajiye aiki sati guda, ina shafa man kaɗe safe da dare, sannan ta ɗauka. Sati guda babu aiki ga mai iyali shida, Allah ne kaɗai ya san yadda muka ci abinci. Rajistar kyauta ce, gaskiya, amma ni na biya da kuɗin cefane.

Maman Biyu, Unguwar Rimi:
Ni lalle ne ya hana ni. Na je bayan bikin ƙanwata, aka ce in dawo idan ya goge. A gaya wa mata tun daga gida.

Tsohon ma'aikacin rajista, Kawo:
Ɗan Tudun Wada, a gaishe da Baba. Ba wai na'urar son wahalar da mutane take yi ba. Kafin a ba ka lambobin nan 11 na NIN, sai kwamfuta ta gwada yatsunka da na duk waɗanda ke cikin rumbun hukumar NIMC mai ba da NIN, don kada mutum ɗaya ya riƙe lamba biyu. Hoton yatsa in ya yi dishi-dishi, gwajin ba ya yiwuwa. Ku je da sassafe kafin hannu ya bushe, musamman lokacin hunturu. Ya ɗan goga yatsa a goshinsa, maiƙon yana taimakawa. In duk ya ƙi, ku nemi a rubuta uzurinsa. Abin da nake roƙo, kada ku je wata cibiya ku sake sabuwar rajista, nan ne ake maƙalewa.

Abin da ya daɗe yana damuna shi ne, tun 2007 aka kafa hukumar, kuma manoma da masu wanki da tsofaffi ba 'yan kaɗan ba ne a ƙasar nan. Da su ya kamata a fara gwada kowace na'ura kafin a sayo ta.

Ɗan Tudun Wada:
Na gode, Yallaɓai. Man kaɗen muka fara daren jiya. Ranar Litinin bayan asuba za mu koma, in sha Allah.