Tsohon tabon ƙuna ya buɗe ya ƙi rufewa, wa ya taɓa jinyar irin wannan?

Mai tambaya, Arkilla

Assalamu alaikum 'yan uwa. Innarmu ta ƙone a ƙwauri tun tana amarya, garwashin kaskon jin ɗumi ne ya kama zanenta cikin hunturu. Ya warke ya bar farin tabo mai sheƙi, da shi ta haife mu duka. To bara sai wurin ya tsage ya zama gyambo. Kullum ana wankewa ana ɗaurewa, amma sai faɗi yake yi. Bakinsa ya yi tudu ya naɗo waje, ko bandeji aka ɗaga sai jini, ga wari. Likita ya ce sai an yanki ɗan nama an kai ɗakin gwaji. Kawunmu ya ce atafau, wai in daji ne, ƙarfe na taɓa shi zai bazu. Don Allah wanda ya taɓa shiga irin wannan ya faɗa mana yadda ta kaya.

Wani magidanci, Gwadabawa

Wa alaikumus salam. Allah shi ba Inna lafiya. Babanmu ya yi irin wanga ciwo, nashi a guiwa, ƙunar fitila tun yana yaro. Babu abin da ba mu zuba ba: zuma, garin sassaƙe, har kafso muna buɗewa muna barbaɗawa. Sai shi yi kamar ya bushe, shi sake ɓallewa. Da munka gaji munka kawo shi Sakkwato, sunka yi mishi allurar kashe zafi a bakin gyambon, sunka ciri nama bai kai ƙwayar wake ba. Yana zaune yana hira anka gama. Sakamako ya nuna daji ne. Anka yanke wurin duka har da lafiyayyen nama na gefe, anka ɗebo fata a cinyarshi anka dasa. Ya rayu shekaru yana zuwa gona, kuma ba wanga ciwo ne ajalinshi ba. Ku lallashi Kawu.

Ma'aikaciyar jinya, Runjin Sambo

Ƙanena, kada ku yanke wa Inna hukunci tun ba a gwada ba. A wurin wankin ciwo na ga gyambon masu ciwon suga, na masu sikila a idon sawu, da na waɗanda jini ba ya komawa sama daidai a ƙafarsu. Duk suna daɗewa, kuma ba daji ba ne. Amma siffar da ka bayar, tsohon tabo, baki mai tudu, saurin jini, wari, ita ce wadda ba ma so a ci gaba da ɗaurewa kawai. Ka shafa matsematsinta ka ji ko akwai kaluluwa mai tauri wadda ba ta sauka, ka gaya wa likitan. A asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo akwai masu duba nama da madubin likita, akwai kuma sashen masu ciwon daji.

Maganar ƙarfe kuwa, na san inda ta samo asali. Mutane ba sa yarda a taɓa sai ciwo ya ci jiki, a yi gwaji, bayan ɗan lokaci a rasa mara lafiya, sai a ce wuƙa ce.

Ɗalibin likitanci, Mabera

Anti ta faɗi gaskiya. Ni a zagayen ɗakin tiyata na fara ganin dajin da ke fitowa a tsohon tabo, a ƙafar wani dattijo, malaminmu ya tsayar da mu a kansa. Ana kiransa gyambon Marjolin, sunan wani likitan Faransa da ya bayyana gyambon da ke fitowa a tabo a 1828. Galibi sai bayan shekara 20, 30 ko fiye da ƙunar yake bayyana, shi ya sa ba a kawo shi a rai.

Dalilin yana cikin yadda nama ke gyara kansa. In an ji rauni jini ya daskare, wurin ya kumbura, ƙwayoyin garkuwar jiki su zo su share datti, sababbin jijiyoyin jini su tsiro, ƙwayoyin fata su yi ta rabuwa har su rufe ramin. Daga nan sai jiki ya ce a tsaya. Tabon ƙuna siriri ne, ba ya miƙewa, yana tsagewa yana ɗinkewa shekara da shekaru, don haka umarnin tsayawar ba ya zuwa. Kowace rabuwa dama ce ta kuskure a cikin kwafin ƙwayar halitta, kuma kurakuran taruwa suke yi har su iya zama daji. Wani mai bincike a Amurka, Harold Dvorak, ya rubuta a 1986 cewa ciwon daji rauni ne da ba ya warkewa, domin da kayan aikin gyaran nama yake gina kansa. Har ma akwai maganin daji, Avastin, da ke hana tsirowar sababbin jijiyoyin jini, kuma ba a ba da shi sai an yi aƙalla kwana 28 da tiyata, don yana hana ɗinki kamawa.

Abin da ya kamata Kawu ya ji: tabon kan toshe hanyoyin da dajin zai bi, sai ya daɗe a wuri ɗaya. Amma in ya keta ya kai kaluluwa, gudu yake yi.

Wata uwa, Tudun Wada

Mu mun bi maganar manya mun jira. Yayata ce, ƙunar ruwan zafi. Da muka yarda ya riga ya taɓa ƙashi, sai ƙafar aka cire daga ƙasan guiwa. Tana nan da ranta, alhamdu lillahi, amma har yau ba ta son a tayar da zancen.

Wani magidanci, Gwadabawa

Allah sarki Hajiya, Allah shi ƙara mata lafiya. Abu guda na manta, ɗan uwa. In anka kai ga dashen fata, ku shirya ma cinyar da anka ɗebo, ta fi wurin aikin zafi kwanakin farko, Baba ita yake kuka da ita. Kuma sun hana shi taka ƙafar sai da dashen ya kama, don haka ku nemi mai ƙarfi da zai riƙa ɗaga Inna. Kawu kuwa kada ku yi gardama da shi a gida, ku tafi da shi asibiti shi ji daga bakin likita.