Musayar waƙa: wai Eren canzawa ya yi ko dama can haka yake?

Ɗan_Shiganshina:
Salam 'yan uwa. Satin nan na sake maimaita shirin zane na Japan Attack on Titan, labarin Eren da dodanni masu cin mutane, tun daga kashin farko na 2013 har na ƙarshen da aka saki a Nuwamba 2023, wlh abin ya tsaya min a rai barci ma ya ƙi zuwa. Wanda bai gama kallo ba ya fita tun yanzu don ƙwai za a fasa. Doka ɗaya ce, amsa da baiti.

Da sunan Ilahu nake farawa,
Batun Eren ne nake taɓawa,
Ranar da ƙofar gari ke fashewa,
Ya ga dodo uwarsa Carla yake haɗiyewa.

Ya yi rantsuwa cikin jirgin ruwa,
Zai ƙare dodanni ba sassautawa,
Wannan yaron nake ta nemowa,
Kashi na huɗu ya zo, babu kowa.

Sai wani mai suma, ido na mutuwa,
Ya zauna da Reiner suna ganawa,
Bisa kansu gidan mutane da yawa,
Ya tashi ya rushe shi ba tausayawa.

Isayama marubucin labarin ya musanya mana yaro, ni dai abin da na gani kenan.

Uwar_Dankali:
Ɗan Shiganshina tsaya ka saurara,
Kallon da ka yi yana son gyara,
Eren ya yi kisa yana shekara tara,
Mutum biyu da wuƙa, Mikasa ta tsira.

Ba canzawa ya yi ba, ƙarfi ya ƙara,
Halin na nan tun randa ya fara,
Zanen dutse ba ya jin shara,
Kai ne ka ɗauke shi jaririn madara.

Baƙin_Doki:
kai kai kai Anti ta kashe wasan tun ba a je ko'ina ba 😂 jaririn madara fa! Allah ya bar mana ke

Ɗan_Yeager:
Baƙin Doki kai dama ɗan amshin shata ne, ko tari Anti ta yi sai ka ce baiti ne. Ga tawa

Ku bar Eren, ku ba ku san yaƙi ba,
Willy Tybur bai tara duniya don biki ba,
Paradis ya ce a gama da ita, ba wasa ba,
Wanda ya zauna jira ba zai kai safe ba.

Faye ƙanwar Grisha ba ku tuna ba,
Karnuka aka sakar mata, ba ta yi laifi ba,
Marley ta ɗaura musu ƙyalle a hannu ba ku yi waƙa ba,
Sai da ya rama kuka ce bai kyauta ba.

Malam_Arulli:
Afuwan zan ɗan sa baki, ba kan Eren ba. Ɗan Yeager ɗangonka na farko gaɓa 11 ne, na karnuka gaɓa 15, na ƙyalle kuwa na ƙirga har na gaji na bari. Sannan duk ka jingina da "ba", wannan ai mafakar malalata ce, duk jimlar da ka kore ta sai ta ba ka amsa-amo kyauta.

Waƙa awo ce ɗan samari,
Ba tara zance babu tsari,
Ɗango ya leƙo bisa gari,
Mita sittin, ya karya kari.

Baƙin_Doki:
mita sittin hhhh wato ɗangon nasa ya fi katangar Maria tsawo da mita goma. Malam ba ka da dama

Ɗan_Yeager:
Malam Arulli sarkin gaɓa,
Ana zubar da jini yana duba leɓɓa,
Ɗakin ƙasan Grisha ya ƙi ya taɓa,
Shi da labarin tuni sun saɓa.

ga shi nan babu "ba" ko ɗaya, sai ka ƙirga

Malam_Arulli:
Na shiga ɗakin ƙasa yaro, na ga littattafai uku da hoton Grisha da Dina da Zeke yana ƙarami. Inda suka isa teku na tsaya, ba don komai ba sai don zanen da aka koma bayan kamfanin zane na Wit sun bar aikin kamfanin MAPPA sun karɓa bai kwanta min ba. Kuma ɗangonka na biyu har yanzu yana ɗingishi.

Gimbiya_Historia:
Malam da girmanka amma a nan ban bi ka ba, ni na tashi ina jin kakata tana rera waƙoƙin wa'azi na ajami da daddare kuma da yawansu da "ba" suke ƙarewa tun daga baitin farko har na ƙarshe, su ma malalata ne kenan?

Malam_Arulli:
Su sun riƙe kari ƙanwata. Doguwar gaɓa a gurbinta, gajera a gurbinta, ki rera ki ji ba inda harshe zai yi tuntuɓe. "Ba" ɗinsu ado ce, ta Ɗan Yeager sanda ce ta dogarawa.

Ɗan_Yeager:
to a kawo ma'auni a auna ta Anti ma mana, "Eren ya yi kisa yana shekara tara" gaɓa nawa ce? ko ita ba a ƙirga mata saboda kuna tsoron bakinta

Baƙin_Doki:
ta Anti ko ta yi tsawo tana da gishiri, taka tsawo ne kawai kamar layin mai

Gimbiya_Historia:
wannan son kai ne ƙarara Baƙin Doki, baitin Faye ya taɓa ni wlh ko da ya karye

Ɗan_Shiganshina:
Jama'a don Allah. Na buɗe zance kan Eren kun mayar min da shi ajin adabi, saƙo goma babu wanda ya amsa tambayata.

Abokin_Armin:
ku yi haƙuri na makara, kwana biyu ba wuta a unguwarmu sai yau na kai wayar wurin mai caji. na karanta duka. Yaya Ɗan Shiganshina da Anti kowa ya kama gefe ɗaya na tabarma ne

Ni inda na ga Eren ya juya,
Ba Liberio ba ne, can baya,
Ran da ya sumbaci hannun sarauniya,
Ya ga gobe tasa gaba ɗaya.

Suka je teku Armin na dariya,
Katantanwa a hannu, farin cikin duniya,
Su Sasha na fantsama ruwa ba kunya,
Shi ko yatsa ya miƙa wa maƙiya.

Shekara sha uku aka yanka, ba ƙarya,
Ya riƙe Ramzi yana kuka a hanya,
Yana ba shi haƙuri tun kafin ya taka shi da rundunar tsiya,
Mai kiran 'yanci, igiya a wuya.

Gimbiya_Historia:
Allahu akbar. igiya a wuya. wannan shi ne baiti, sauran duk sharar fage muke yi

Malam_Arulli:
Baiti na farko lafiya lau, na sara maka. Na uku ɗango na uku ya tsinke igiya ya gudu. Waye Ramzi kuma?

Ɗan_Yeager:
hhhhh kun gani ko! waye Ramzi! Malam je ka gama kallo tukuna

Uwar_Dankali:
Abokin Armin baitinka ya yi daɗi ƙanena, amma daɗin baki ba ya wanke jini.

Kuka kafin hari, ihu bayan hari,
Duk ɗaya ne ga wanda aka take a gari,
Kashi tamanin cikin ɗari,
Ya niƙe su kamar ana niƙa gari.

Sasha ta faɗi cikin jirgin sama,
Kalmar ƙarshe a bakinta nama,
Connie na kuka jiki na kyarma,
Gwaninku dariya ya kama.

Ɗan_Yeager:
Anti wannan dariyar ba ta jin daɗi ba ce kuma kin sani, ki koma ƙarshen kashi na biyu ranar da dodon nan mai murmushi ya cinye Hannes a gabansa irin ta ya yi, dariyar wanda abu ya fi ƙarfinsa ce yana ji yana gani ba yadda zai yi. baiti na zuwa ina cikin adaidaita

Uwar_Dankali:
dodo mai murmushin da Eren da bakinsa ya ce shi ne ya kawar da shi daga kan Bertholdt ya nufi gidansu? wancan dodon? sauka daga adaidaitar ka ba ni amsa

Baƙin_Doki:
kafin ya sauka bari na ɗan taɓa

Dodon da ya taka duniya da ƙafa,
Ya zauna a ruwa yana ta kumfa,
Wai kar Mikasa ta yi wani miji fa,
Shekara goma, ko har ta tsufa,
Wannan asirin wa zai rufa?

Gimbiya_Historia:
mugu 😭 kai dama haushin Eren kake ji tun randa ya ce Jean fuskar doki gare shi

Ɗan_Shiganshina:
Baƙin Doki ka zo yin ba'a sai ka ba ni abin da nake nema. Wurin nan da kowa ke zagi, ni na tsayar da shi na maimaita sau uku, domin duk kashi na huɗu sai a nan na ji muryar da na sani.

Doki ka yi izgili ka yi min rana,
Mai kukan nan shi ne yarona,
Wanda Levi ya shura haƙori ya faɗi a gabana,
Ashe ya ɓuya ne a cikin dodona.

Anti na ba ki rabin magana,
Halin na nan, na janye batuna,
Amma rabin na riƙe a hannuna,
Mai gyale ta yanke shi, ta bar ni da ƙuna.

Uwar_Dankali:
rabi na karɓa, sauran rabin ma zan dawo kansa bayan la'asar

Malam_Arulli:
Baƙin Doki baiti ɗaya ka yi mai ɗango biyar alhali kowa ƙwar huɗu yake yi, sannan "fa" ɗin nan ta ɗango na uku ciko ce ba amsa-amo ba. Ɗan Shiganshina kai kuma ɗangon Levi... bari dai na ƙirga.

Ɗan_Yeager:
na sauka. wa ya ce ciko? Malam kar ka tafi, da kai zan fara