Na raka abokina unguwar da ya taso, ya dawo ba ya magana

Ɗan Rakiya: Jama'a, jiya da yamma na raka abokina unguwar da ya taso, shekara 20 rabonsa da ita. Tun daga bakin layi yake ta zuba: nan suke buga ƙwallo, nan ya fasa goshi, har da nuna mini tabon. Muna isa tsohon gidansu muka tarar an sare bishiyar ƙofar gida, sai kututture. Ya dafa katanga ya yi shiru, bai ƙara cewa uffan ba har muka rabu. Ni na matsa masa mu je. Na yi kuskure ne?

Uwar Biyu: Haba ɗan'uwa, ina laifinka? Ni da na koma tamu, ƙanƙantar komai ce ta ɗaure mini kai. Lungun da nake ganin ba shi da iyaka, taku 30 na ƙure shi. Dakalin da nake tsoron dirowa daga kansa kuwa, ko gwiwata bai kai ba!

Dattijo: Yaro, anya bishiyar ce ta ɗaure masa baki? Wa ke zama a gindinta a da?

Ɗan Rakiya: Mahaifinsa, Baba. Allah ya jiƙansa. Wallahi sai yanzu na tuna.